Jinin da Aka Hana Matta

Da hantsi motar katako ta sauke su a bakin hanya kusa da Ƙarfi, Matta ya tako da ƙafarsa har gida. Waɗanda suka ga yadda aka fitar da shi a kan jaki, kansa na lilo, suka tsaya a gonakinsu riƙe da fartanya suna yi masa barka da arziki. 'Yan shekaru ne bayan samun mulkin kai, damina ta yi tsakiya, gero ya fara fitar da kai. Matarsa Liatu tana biye da shi, ƙunshin kaya a ka, ciki ya fara turo zane. Tana amsa gaisuwa tana murmushi, amma ita ta san abin da aka faɗa musu a asibitin Zariya.

Gidan na gandu ne. Tun rasuwar tsoho, babban wa Luka ke riƙe da gona da rumbu, kuma dattijo ne a majami'arsu. Matta ne na tsakiya, sai auta Ishaya, saurayi ƙaƙƙarfa da aka sa bikinsa lokacin Kirsimeti. Uwarsu, Inna Rahab, ta tarbi ɗanta da kuka da guɗa a haɗe, ta dama masa fura da hannunta.

Da yamma aka zauna a tsakar gida. Matta ya dubi Liatu ya ce ta faɗa, don ita ta fi riƙe maganar.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Likita ya ce sankara ce ta shiga jininsa. Jikinsa ya daina yin jinin kirki, shi ya sa yake fari, yake haki. Ya ce ba ta warkewa."

Inna Rahab ta dafe ƙirji. "Ba ta warkewa kamar yaya? Ga shi ya shigo da ƙafarsa!"

"Jini aka ƙara masa, Inna, daga ajiyarsu. Sun ce in ƙarfin ya ƙare mu dawo, amma sai mun zo da masu bayarwa. In ana sa masa, yana shan ƙwayoyin, zai ƙara kwanaki. Na miƙa hannuna, malamin asibiti ya dubi cikina ya ce in sauke. Ya tambaya ko yana da 'yan'uwa maza, na ce yana da su."

Ishaya ya shiga tsince ƙaiƙayi a tabarma. Luka ya yi gyaran murya.

"To, mun ji. Ubangiji Shi ne babban likita. Yanzu dai ga shi da sauƙi, ga maimai ya taso mana. Bari mu fita daga ciyawa, sai a san abin yi."

Aka yi addu'a, Luka ya ja ta da tsawo, aka tashi.

Sauƙin bai daɗe ba. Kafin a girbe gero Matta ya koma kwance. Dasashinsa ya fara zubar da jini ko tuwo mai laushi ya ci. Tabo baƙi-baƙi suka fito masa a cinya da damtse kamar wanda aka daka, alhali ba wanda ya taɓa shi. Daga ɗaki zuwa bayan gida sai ya huta a hanya, ya dafa jikin rumbu yana numfashi da baki. Mutumin da a da shi ke ɗaukar waƙa ran Lahadi, yanzu in ya yi magana sai an matso.

Liatu ta sami Luka yana gyaran galma a zaure, ta durƙusa.

"Yaya, jikin ya koma."

"Na gani, Liatu, ba makaho ba ne ni. Amma dubi gero, tsuntsu ya sauka. In na tafi Zariya aka ɗebe mini jini na dawo na kwanta, wa zai ciyar da gidan nan? Har ku ɗin?"

"Malamin ya ce ba ya kwantar da mutum. In an ci abinci an huta, jinin yana dawowa."

"Haka za su ce mana."

Ta je wa Ishaya, wanda a da suke wasa, yana kiranta matarsa yana sace mata ƙuli-ƙuli. Ya ƙi haɗa ido da ita.

"Matar Yaya, Allah Ya sani ina son Yaya Matta. Amma samari sun ce wanda aka zuƙe wa jini ba ya ƙara zama namiji. Ni ga aure a gabana. In aka gama biki, ko nawa suke so su ɗiba."

"Ishaya, kana ganin zai kai biki?"

Ya saɓa fartanya ya fita.

Ta ajiye Inna Rahab a ƙarshe, don ta ɗauka uwa ba ta buƙatar roƙo. Ta same ta tana kaɗi a ƙofar ɗakinta. Tsohuwa ta saurare ta har ƙarshe, hawaye na bin fuskarta, mazari bai tsaya ba.

"Ke ba ki haihu ba tukuna, shi ya sa," in ji ta. "An ce akwai wani mutumin Bakori da aka ɗebi jininsa, bai sake daidai ba har ya mutu. Ɗaya yana tafiya ina kallo. Kina so in tura sauran a tsotse mini su? Ni na hana su. Kada ki ga laifinsu, ni na ce ban yarda ba."

Daga nan abubuwa suka fara sauyawa a gidan ba tare da an ce komai ba. Ranar da Matta ya yi haɓo ya ƙi tsayawa, har ya jiƙa zane, aka ware masa ƙwarya da ludayi. Liatu ta ce likita ya faɗa ba a ɗaukar ciwon, aka ce ai rigakafi ne. Aka hana yara shiga ɗakin. Luka yakan tsaya a bakin ƙofa da safe, ya ce, "Yaya ƙarfin jiki? Ubangiji Ya taɓa ka," ya wuce gona. Matta yakan amsa da murna, ya daɗe yana kallon ƙofar bayan inuwar ta gushe.

Danga ɗaya ce tsakaninsu da gidan Malam Mati, Musulmi mai fataucin hatsi a kan jakai. Matarsa Rabi ta leƙo wata safiya ta ga Liatu a bayan ɗaki tana dirzar zannuwa, ruwan ya koma ja, tana tsayawa tana dafa ƙugu. Rabi ta zagayo ta ƙofa, ta ɗaure zane, ta ture ta gefe.

"Zauna. Da wannan cikin kike sunkuyo haka?"

"Rabi, jini ne fa. Mutanen gida ma gudunsa suke."

"Na ga jini kafin yau. Miƙo sabulun."

Tun daga ranar Rabi ba ta fasa ba. Ta kawo kunun tsamiya, ta kawo dafaffen zogale, ran kasuwar Malumfashi mijinta ya zo da hanta ta dafa ta yi laushi yadda Matta zai iya haɗiya. In Liatu ta rasa da wa za ta yi kuka, a gindin dangar nan take yi. A nan ta faɗa mata zancen jini duka.

Washegari Malam Mati ya yi sallama ya shigo har ɗakin, ya zauna a bakin gado, ya kama hannun Matta.

"Ashe abin da ake nema ke nan ba ka faɗa ba? Ni da kai tare muka yi kiwo. Jibi zan kai gero Funtuwa, ka shirya, daga can mu wuce."

Aka ɗora Matta a jaki zuwa bakin hanya. A Zariya aka gwada jinin Malam Mati ya dace. Ya kwanta ya kau da kai don ba ya son ganin allura, aka ɗiba, aka ba shi shayi, ya tashi ya karkaɗe riga yana cewa, "Shi ke nan? Ai ƙaho ya fi wannan zafi."

Liatu ta zauna tana kallon kwalbar tana raguwa, tana kallon leɓɓan mijinta suna dawowa da launi. Da suka koma gida ya ci tuwo ya nemi ƙari. Ya fito tsakar gida ya zauna a rana yana tufka igiya. Wata yamma ɗan cikin ya motsa, ta kama hannunsa ta ɗora, ya ji naushi a tafinsa, ya yi dariya har ya ƙware. Sun daɗe suna jiran haihuwa, har mutane sun fara magana, sai ga ta ta zo a wannan shekara.

"Wannan mai ƙarfi ne," in ji shi. "Ba na roƙon tsufa, Liatu. In gan shi kawai, in ɗauke shi, in ji nauyinsa."

Jinin Malam Mati ya riƙe shi fiye da wata guda. Da ya fara sanyi kuma, Malam Mati ya ce malamin asibiti ya hana shi sake bayarwa da wuri, amma ya yi magana da ƙannensa, Jibo da Sada, sun ga ya dawo lafiya yana ɗaukar buhu, sun yarda. Suka sa rana. Da sassafe suka zo ƙofar gida da jaki, sun sa rigunan tafiya.

Luka ne ya tare su a zaure. Liatu tana bayan zana da ƙunshin kaya, tana jin komai.

"Malam Mati, mun gode. Abin da ka yi Allah kaɗai zai biya ka. Amma maganar ta fita. A kasuwar Malumfashi ana nuna ni, ana cewa ga dattijon majami'a da ya bar maƙwabta suna ba ƙanensa jini. Ba zan iya ba. Gidan nan akwai maza. Da an gama yankan dawa, ni da Ishaya za mu kai shi da kanmu."

"Malam Luka, ba don a ji muka yi ba. Ciwon nan ba ya jira. Ka bari mu kai shi yau, ku kuma ku kai shi na gaba."

"Na ce mun gode."

Liatu ta fito ba ko mayafi, ta zube a gabansa. "Yaya, don girman Allah ka bar su. Ba wanda zai ji. Ni zan ce kai ka bayar."

Fuskarsa ta yi tauri. "Ke kika kai sirrin gidan nan bayan danga tun farko. Tashi ki shiga ciki."

Malam Mati ya dubi ƙannensa. Ba ya da ikon shiga gidan wani ya ɗauki mara lafiya bayan maigida ya yi magana. Ya ce, "Duk ranar da kuka kira, muna nan." Suka juya da jakinsu.

Liatu ta koma ɗaki. Ta ce wa Matta za ta sa a yanke danga ta baya, a fitar da shi ta gidan Rabi in an tafi gona. Ya girgiza kai a hankali.

"In na bi ta bayan Yaya na fita, na fitar da kaina daga gandu. Ni tafiya zan yi ko da jini ko babu. Ke da abin cikin nan, wa zai auna muku hatsi bayana? Ki bari. Ya ce bayan yankan dawa. Yayana ne, ba zai yi mini ƙarya ba."

Aka yanke dawa, aka ɗaure, aka cika rumbu. Shekarar ta yi albarka yadda aka daɗe ba a gani ba. Sai auduga ta fashe, gona ta yi fari fat, aka ce ai ba a barin auduga a gona, awaki za su shiga. Zazzaɓi ya kama Matta, bakinsa ya yi gyambo, ko kunun Rabi sai a cokali, kaɗan-kaɗan. Liatu takan juya shi, ta ji ƙasusuwa a tafin hannunta.

Wata rana da la'asar ya ce ta kira masa Luka. Luka ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yadda ya saba.

"Shigo, Yaya. Ba zan shafa maka ba."

Ya shigo ya tsuguna nesa da gado.

"Yaya, ban taɓa roƙonka komai ba. Ba warkewa nake nema ba, na san wannan ta wuce. Haihuwar ta kusa. Ka ara mini kwanaki kaɗan in ga ɗana. In kai ba za ka iya ba, ka bar su Jibo."

Luka ya share ido da bakin riga. Kuka yake da gaske. "Haba Matta, ka daina irin wannan magana. Bangaskiya fa? Jibi za a buɗe fuloti, a auna auduga. Da mun sayar, mota zan ɗauka sukutum, ba jaki ba."

Da ya fita, Liatu ta bi shi da ƙwaryar da za ta wanke. Ta ji shi a bayan rumbu yana magana da Inna Rahab ƙasa-ƙasa.

"Inna, ki dube shi fa. Likita da kansa ya ce ba ya tashi. Zuba jini a jikin nan kamar zuba ruwa ne a tulu mai huji. Mu dai mu ci gaba da addu'a."

Ta tsaya riƙe da ƙwaryar har suka watse. Da ta koma, Matta ya tambaye ta me Yaya ya ce a waje. Ta ce, "Yana zancen mota ne." Ya lumshe ido, ya ce, "Na faɗa miki."

Ranar da aka kai auduga fuloti, gidan ya tashi tun da asuba, aka ɗaure ƙunshi a kan jakai, kowa ya fita. Matta ya rasu da hantsi, kansa a cinyar Liatu, Rabi tana ɗiga masa ruwa a leɓe da auduga. Bai yi wata magana ta ƙarshe ba. Hannunsa dai yana kan cikinta, sai ta ji ya yi nauyi.

Luka da Ishaya ba su bar kowa ya taɓa haƙar kabarin ba. Ƙasa ta bushe ta yi tauri, suka tuɓe riguna suka kama diga, gumi na tsiyaya, jijiyoyin damatsansu sun tashi raɗa-raɗa. Mutane suna cewa, kai, dubi son ɗan'uwa. Liatu tana zaune cikin mata tana kallon waɗannan damatsa, ba ta iya ɗauke ido ba.

Wajen zaman makoki jama'a suka cika, daga Ƙarfi har Bakori. An dafa dawa sabuwa, an yanka akuya. Duk wanda ya yi gaisuwa, Luka yakan amsa da murya mai rawa, "Babu abin da ba mu yi ba. Har Zariya aka kai shi. Kwana ne ya ƙare." Su kuma su ce, haka ne, kun yi ƙoƙari. Malam Mati yana zaune a gefen tabarma da ƙannensa, ya sunkuyar da kai.

Ba wanda ya daki Matta a gidan nan. Ba wanda ya zage shi, ba a hana shi tuwo ba, ba ranar da aka fasa yi masa addu'a. An dai ce masa bayan maimai, bayan gero, bayan dawa, bayan auduga, kuma kowane uzuri da aka kawo yana da kamar gaskiya a ranar da aka kawo shi. Da aka ga wasu za su yi abin da aka kasa, aka rufe musu ƙofa don kada a ji kunya a kasuwa. Wannan kunyar an kauce mata. Luka yana nan dattijo, aka kuma yi bikin Ishaya a ranar da aka sa, sai dai an rage kiɗa.

Liatu ta haihu wata bai cika ba da binne mijinta. Namiji ne, mai nauyi. Tana kwance tana jin kukansa na fari, lissafin da ba ta so ya zo mata da kansa: abin da ya raba uban da ɗan bai kai kwanakin da jinin mutum ɗaya ya ba shi ba.

Rabi ce ta yanke cibiya, amma Inna Rahab ta ce wankan jikanta nata ne. Ta zauna a kan turmi da ƙwaryar ruwan ɗumi, ta ɗora jaririn a ƙafafunta, ta wanke kai, ta wanke fuska. Sai hannunta ya tsaya. Ta daɗe tana duban goshin da kunnuwan.

"Shi ne," in ji ta. "Haka yake ranar da na haife shi. Haka sak."

Ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunta.

"Liatu, tsoro na ji. Ki fahimce ni, yanzu ke ma uwa ce. Na ga ɗaya zai tafi, na ce bari in tsare biyun."

Liatu ta miƙa hannu. Tsohuwa ta naɗe yaron a zane ta ba ta. Ta rungume shi a ƙirji, ta gyara masa kai, sannan ta ɗago ta dubi surukarta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Uku kika haifa, Inna."